Ƙwan Zabuwa da Bokitin Bature: Darasi a Kan Hikimar Ɓoyo

Akwai wani ilmi wanda ba a rubuta shi a jadawalin darussa ba, amma da wuya a sami yaron da ya tashi a ƙasar Gaya ko Ajingi bai taɓa zama a ajinsa ba. Shi ne ilmin ɓoye abu, da gano abin da aka ɓoye. A yau mutanen wasu ƙasashe sun mai da shi wasa, har suna haɗawa da taurarin ɗan'adam. Nufina in kwatanta nasu da namu, mu ga abin da za mu ƙaru da shi.

Yadda zabuwa ta kunyata ni

A hutun daminar da ta wuce na je wurin kawuna a wani ƙauye na ƙasar Ajingi. Na tarar zabin gidan sun fara ƙwai, amma ba wanda ya san inda suke sakawa. Matar kawu ta ce mini, "Ɗana, in ka gano wurin, da kuɗin ƙwan za a saya maka sabulu da littattafan rubutu na komawa makaranta. In kuwa ka yi sanya, guza ko tunku zai riga ka."

Kwana uku ina yawo, na shiga gero, na fita dawa, na dudduba gindin geza har bakin fadama, ban sami kome ba sai ƙaiƙayi. Ran na huɗu kawu ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, daina neman ƙwai, nemi namijin. Duk inda ka gan shi da hantsi ya tsaya shi kaɗai yana ɗaga wuya, matar tana kusa." Na yi haka. Ashe sheƙar tana cikin wani tushen gamba, taku goma daga bayan rumbu, wurin da nake wucewa safe da yamma! Ƙwai 23 muka ƙirga, don zabi da dama sukan haɗu su saka a wuri ɗaya. Kawu ya ce in bar kaɗan a ciki, don in aka kwashe duka sai su sake wuri.

Hanyoyi uku na ɓoyo

Da na zauna na yi tunani, sai na ga dabarun ɓoyo ba su wuce uku ba.

Ta farko ita ce sajewa da launin wuri. Yautai ba ya gina sheƙa; a ƙasa yake saka ƙwansa, ya kwanta a kai, gashinsa kamar busasshen ganye. Sai ka kusa taka shi kafin ya tashi.

Ta biyu ita ce ɗaukar siffar wani abu dabam, watau ɓad da kama. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo. Barewa tana ganinsa sarai, amma ba ta gudu, don a wurinta burtu ne, ba mutum ba.

Ta uku ita ce ajiye abu a wurin da ido ya raina. Wannan ce zabuwa ta yi mini. Mutum ba ya binciken abin da ya saba gani kullum, hankalinsa yana can nesa.

Wasan neman ɓoyayyiyar ajiya

To, bari mu leƙa ƙasashen waje. A Ingila, tun a 1854 wani mai yi wa baƙi jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa cikin dajin Dartmoor, don duk wanda ya kai wurin ya jefa katinsa a ciki. Amma wasan na zamani a Amurka ya soma.

Akwai taurarin ɗan'adam da ake kira GPS, ba su kasa 24 ba, suna kewaya duniya a nisan kilomita kamar 20,200. In na'ura ko wayar hannu ta karɓi saƙo daga huɗu a cikinsu, sai ta lissafa inda mai ita yake tsaye. Da can gwamnatin Amurka takan gurɓata saƙon da gangan don tsaro, har kuskure ya kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umurni a daina. Ran 3 ga watan, wani mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ingancin abin. Ya ɗauki baƙin bokiti, ya sa littafin rubutu da fensir da gwangwanin wake da 'yan tarkace, ya ɓoye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, sa'an nan ya sanar da lambobin wurin. Cikin 'yan kwanaki mutane suka gano shi. Daga nan wasan ya bazu, Turawa suna kiransa jiyokashin, watau ɓoye ajiya a doron ƙasa. Ajiyoyin sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Lambobin nan ba wasu ba ne illa layukan kwance da na tsaye na taswira da muke koyo a darasin labarin ƙasa. Gaya da Ajingi suna kusa da digiri 12 arewa da digiri 9 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, don haka akan rarraba shi ƙanana-ƙanana har a kai ga 'yan mitoci.

Sai dai ga inda gizo yake saƙa: na'urar ba ta ɗora hannunka a kan ajiya. Iyakarta ta kai ka kusa, kamar faɗin tsakar gida, saura kuwa aikin ido ne da hankali. Shi ya sa masu wasan suke ba kowace ajiya maki daga 1 zuwa 5 a kan wuyar ganowa, da wani makin a kan wuyar hanya.

Gwanayensu kuwa dabarun nan uku suke bi. Wani ya shafe gwangwani da fenti mai launin ƙasa, ya manna masa ɓawon itace: wannan yautai ke nan. Wani ya huda dutse ko kututture ko ƙaton kusa, ya cusa 'yar takarda a ciki, ya ajiye cikin 'yan'uwansa: wannan burtu ke nan. Wani kuma ya ɗauki ɗan mazubi bai kai kan yatsa ba, mai maganaɗisu, ya liƙa a ƙarƙashin benci a tsakiyar gari, dubban mutane su zauna su tashi ba su lura ba: wannan ita ce zabuwar kawuna.

Yadda ake nema

Mai nema yana tare da samu, in ji Hausawa, amma sai ya bi ƙa'ida. Da fari, tsaya cik ka duba kafin ka taɓa kome. Na biyu, tambayi kanka: in ni ne mai ɓoyon, ina zan sa? Na uku, nemi abin da bai dace da wurinsa ba, kamar kusar da ba ta riƙe kome, ko dutsen da ba shi da ƙura, ko itatuwan da aka jera fiye da yadda iska take zubarwa. Na huɗu, sauya tsayi: durƙusa, ka ɗaga kai, ka zagaya ta baya. Na biyar, in abin ya ƙi ganuwa, bi alamarsa, kamar yadda na bi namijin zabo.

Wannan ido ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu tarihi suna cewa maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su ne suka je Dala neman tama. Wanda zai bambanta tama da sauran duwatsu, lalle ya iya lura.

Dokoki da gargaɗi

Wasan yana da dokoki masu kyau. Ba a haƙa rami a binne ajiya. Ba a ɓoyewa a filin wani sai da izninsa. Ba a sa abinci, don kada dabbobi su tone. Tsakanin ajiya da ajiya sai an bar mita 161. Wanda ya samu ya rubuta sunansa da kwanan wata, in ya ɗauki abu ya sa wanda ya yi daidai da shi ko ya fi, sa'an nan ya mayar yadda ya tarar. Ashe wasan duka a kan amana ya tsaya, don ba mai ganinka sai Allah.

Mu kuma a nan akwai ƙarin gargaɗi guda biyu. Na ɗaya, kasa da kububuwa sun fi kowa iya sajewa da ƙasa, kunama kuma tana son ƙarƙashin dutse. Kada ka zura hannu a kogo ko rami. Fara da sanda, ka sa takalmi. Na biyu, a wannan zamani baƙon ƙunshi yana tsorata jama'a. Kada a ajiye kome kusa da masallaci ko kasuwa ko tashar mota. In kuwa ka ga ƙunshin da ba ka san asalinsa ba, kada ka taɓa, sanar da mai unguwa ko wani babba.

Shawara

Ina roƙon malamanmu na labarin ƙasa da kimiyya su gwada mana wannan a harabar makaranta, da yardar shugaban makaranta. Ba sai da waya ba. Gwangwanin madara guda biyar, da taswirar makaranta wadda muka zana da hannunmu, da kamfas, sun isa. Aji ɗaya ya ɓoye, ɗaya ya nema, a rubuta kwatance da taku da kusurwa. A yini ɗaya za mu koyi awo da karatun taswira da haƙuri.

Iyayenmu kuma, don Allah in mun zo hutu ku riƙa fita da mu gona da daji, kuna nuna mana sawu da sheƙa da sunayen itatuwa. Ɗalibin da bai iya lura ba, shi ne yake karanta tambayar jarrabawa sama-sama ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Ni dai na koma makaranta da sabulu da littattafai, albarkacin shawarar kawu. Allah ya ba mu ido mai gani da zuciya mai amana, amin.