Darasin Tarbiyya: In Ƙaramin Yaro Ya Sake Hali, A Tambaye Shi

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙananan yara ne 'yan aji ɗaya zuwa aji uku na firamare, wato masu shekara 6 zuwa 9. In ɗayansu ya faɗi ya kurje gwiwa, nan da nan za a wanke a sa masa magani. To, in zuciyarsa ce ta ji ciwo fa, wa zai gani?

Ku sani yaro yana jin tsoro da baƙin ciki da kunya da kewa kamar yadda babba ke ji. Shi babba ya san sunan abin da ke damunsa, yana iya faɗa. Yaro kuwa bai iya ba tukuna, sai jikinsa da halinsa su yi magana a madadinsa. Ai Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Alamomin da za a lura da su

1. Ciwon ciki ko ciwon kai kullum da safe in za a tafi makaranta, amma ranar hutu yana nan garau. Ba lallai ne ƙarya yake yi ba. Tsoro yana sa jiki ya fitar da wani sinadari mai suna adiranalin, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya murɗa. Ku manya ba haka kuke ji ranar jarrabawa ba?
2. Fitsarin kwance ya dawo bayan ya daɗe da dainawa.
3. Yaro mai surutu ya yi tsit, in an fita tara ya raɓe a jikin bango shi kaɗai. Wani kuma faɗa da cizo zai kama.
4. Firgita cikin barci, da manne wa uwa duk inda ta sa ƙafa.
5. Haddar da ya iya jiya yau ta gudu.

Me ke kawo haka? Shiga sabuwar makaranta, rasuwa a gida, rabuwar iyaye, haihuwar ƙane, tsokana saboda in'ina, ko wani babban yaro da ke ƙwace masa kuɗin tara. Yaran da suka ga tashin hankali, kamar waɗanda ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024 ta raba da gidajensu, sukan daɗe suna firgita bayan manya sun ɗauka an wuce wurin.

Abin koyi

Littattafan hadisi sun kawo labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Manzon Allah (SAW) ya zo gidansu ya ga yaron a cikin damuwa, ya tambayi dalili aka gaya masa. Sai ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Ku duba abu uku a nan: ya lura, ya tambaya, bai kuma raina damuwar yaron ba don a kan tsuntsu ce.

Gare ku iyaye

Ku nemi lokacin da gida ya lafa, ku zaunar da yaron kusa da ku, ba a gaban jama'a ba. Ku taimaka masa da sunan abin da yake ji: "Tsoron malam kake ji ko? Ko kewar Inna ce?" In ya fara magana kada a katse shi, kada a ce masa namiji ba ya kuka. In bai amsa yau ba, a sake gwadawa gobe.

In rasuwa aka yi, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. In aka ce masa tafiya ta yi, zai yi ta jiran ranar dawowarta a bakin ƙofa.

A duba barcinsa da cikinsa. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 kullum. Kada ya fita ba karin kumallo, ko da koko da ƙosai ne. Yaron da ke boko da safe, Islamiyya da yamma, ga aike a tsakani, a bar masa lokacin langa ko 'yar gala-gala, domin a wurin wasa yaro ke sauke abin da ya tara a rai.

Batun fitsarin kwance kuwa, kusan yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna yi, kuma cikin barci ne, ba da gangan ba. Duka da tara masa yara suna kiransa amalala ba sa maganinsa, sai dai su ƙara masa tsoro. A rage masa shan ruwa dab da kwanciya, a kai shi ban ɗaki kafin ya kwanta.

Gare ku malamai

Ku kira kowane yaro da sunansa, ku yaba masa in ya yi ƙoƙari. Zuciyar da ke rawa don tsoro ba ta riƙe karatu, saboda haka in ɗalibi ya sake hali, a tambaye shi kafin a kai hannu ga bulala, sannan a sanar da gida.

Gare ku yayye

Ku ne kuke ganin abin da ke faruwa a hanya da filin wasa. Ka riƙe hannun ƙanenka in za ku tafi, kada ki haɗu da ƙawayenki kuna yi wa ƙanwarki dariya. In ya gaya maka wani yana dukansa, ko yana taɓa masa jiki inda bai dace ba, ka faɗa wa Umma ko malam a ranar. Wannan ba gulma ba ce.

Abin lura: in alamomin nan suka ɗauki makonni ba sauƙi, ko yaro ya daina cin abinci, yana rama, ko akwai zazzaɓi, ko zafi wajen fitsari, a kai shi asibiti. Wani lokaci tsutsar ciki ce ko wata cuta, sai likita ya duba za a gane.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi uku na damuwa ga ƙaramin yaro.
2. Waɗanne abubuwa uku muka koya daga labarin Abu Umair?
3. Aikin gida: yau da dare ka tambayi ƙanenka abin da ya faranta masa rai a makaranta da abin da ya ɓata masa, ka saurare shi har ya gama.

Allah Ya raya mana su, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin. Wassalam.