Darasi: Idan Wi-Fi na Gida Yana Yankewa

Gidaje da yawa sun sayi ƙaramar na'urar Wi-Fi mai ɗaukar layin waya, domin karatun yara ko karɓar kuɗi daga 'yan'uwa na birni. Idan sabis yana ɗaukewa, kada ku yi saurin sayen sabuwa. Ku fara gano inda matsalar take.

Sabis yana bin hanyoyi biyu: daga ƙarfen sabis zuwa na'ura, sannan daga na'ura zuwa waya. Ku tsaya kusa da na'urar ku gwada. In intanet ya yi ƙarfi a nan amma ya mutu a ɗakin baya, matsalar ta cikin gida ce. In a kusa ma babu, ku duba data, ko ku gwada layin wani kamfani.

Abin da za a yi:

1. Ku ɗora na'urar a sama, kusa da taga. Bango mai kauri, kwano da duron ruwa suna tare sabis.
2. Ku kawar da ita daga rana. Zafi yana sa ta yankewa.
3. In tana da 2.4 GHz da 5 GHz, ku zaɓi 2.4 don ɗakuna masu nisa. 5 ya fi sauri, amma bai kai shi ratsa bango ba.
4. Ku canza kalmar sirri. Wayoyi da yawa suna raba ƙarfin, su cinye data.
5. Ku kashe ta na minti ɗaya, ku sake kunnawa.

Don tattaunawa: Wane wuri ne sabis ya fi ƙarfi a ƙauyenku? Wane ne ya kamata ya riƙe kalmar sirri a gida?