Rainon iri da felet ɗin fit: yadda za ka dasa tumatir bai yi yaushi ba

Yau za mu ɗan fita daga keji da tanki mu leƙa lambu. Da yawa cikin masu kiwon tarwaɗa a kwata suke zubar da ruwan da suka canza, kashin kaji kuma yana jibge a buhu, alhali tumatir da attaruhu nemansu suke. Amma kafin a zo maganar taki sai an samu dashe mai lafiya, kuma a nan ne sabon manomi ya fi yin asara.

Yadda muka saba shi ne a gyara gadon raino, a yafa iri, bayan wata guda a tumɓuke a kai gona. In irin gida ne wanda ka matse daga tumatirin bara, ko rabi ya mutu ba za ka ji a jikinka ba. Irin zamani na 'yar leda kuwa ƙirga shi ake yi, giram ɗaya na tumatir wajen ƙwaya 300 ne, duk wadda ta tafi kuɗinka ne ya tafi. Sannan wajen tumɓuka ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa suna tsinkewa. Shi ya sa za ka ga dashe ya langwaɓe, ya yi sati ko fiye bai motsa ba.

Maganin wannan shi ne felet ɗin raino. Ba felet ɗin abincin kifi ba fa! Wani ɗan faifai ne busasshe, faɗinsa kamar murfin robar ruwa ko ya ɗara kaɗan, an naɗe shi da siririyar raga. Abin da ke ciki shi ake kira fit, wato ruɓaɓɓen gansakuka da ake haƙowa a dausayin ƙasashe masu sanyi kamar Kanada da arewacin Turai, a busar a matse. Wanda ya fi suna shi ne Jiffy-7 na kamfanin Jiffy, wanda asalinsa daga Norwe ne. Akwai kuma na kokofit, da ake yi da ɓawon kwakwa. Kowane felet tukunya ce da ƙasarta, ranar dashe da shi gaba ɗaya za ka binne.

Ka jera su a tire ko faranti mai ɗan zurfi, gefen da ke da ɗan rami yana kallon sama. Zuba ruwa mai ɗan ɗumi. Cikin minti goma za su kumbura su ninka tsayinsu sau shida zuwa bakwai. Ka tsiyaye ragowar ruwan, kada su kwana a ciki. Sa ƙwaya ɗaya a kowane, zurfin rabin santimita zuwa ɗaya, ka ja fit ɗin ka rufe. In kana shakkar irin sa biyu, in duk sun fito ka datse mai raunin da almakashi, kar ka fizge shi.

Tumatir yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10. Attaruhu da tattasai sai haƙuri, sati biyu, wani lokaci har uku, musamman da sanyin hunturu. Za ka iya rufe tiren da leda don riƙe danshi, amma da zarar ka ga tsiro na farko ka yaye ta. Da bazara ma kada ka sa ledar, dafa irin za ta yi. A lokacin zafi ka aje tiren a inuwa mai iska, don in zafi ya haura digiri 35 tumatir ba ya son fitowa.

To ga inda nake so ku natsu: ruwa. Fit yana riƙe ruwa kamar soso. In ka cika masa, sai ka wayi gari ƙaran tsiron ya tsuke daga gindi ya faɗi, wata cutar fumfuna ce da ke son danshi da rashin iska, kuma wanda ya faɗi ba ya tashi. In kuma ka bari ya bushe ƙayau, ruwa zamewa yake ta gefe ba ya shiga ciki, kai kana ganin ka yi ban ruwa alhali saiwa na ƙishirwa. Ni da launi da nauyi nake aunawa. In ya yi duhu kuma da nauyi a hannu, ƙyale shi. In ya fara haske ya yi sakayau, zuba ruwa a ƙasan tiren ya tsotsa na minti goma sha biyar, ka zubar da saura. Da iskar hunturu sai ka duba safe da yamma.

Bayan ya fito yana buƙatar rana, musamman ta safe. In ya zauna a duhu zai yi tsawo siriri kamar zare. Ka kuma lulluɓe wurin da raga mai ƙananan ido, saboda farin ƙuda da ke kawo cutar nannaɗewar ganye tun a raino yake kama tumatir. Kaji ma, kun san halinsu.

Abincin da ke cikin felet kaɗan ne. In ganyen gaskiya ya fito, wato wanda ke biyo bayan biyun farko, za ka iya ba shi ruwan tankin kifi da ka sirka da ruwa mai kyau, matuƙar ba ka sa gishiri ko magani a tankin ba. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ya kusanci wurin, ƙonewa zai yi. Shi a gona ake cakuɗa shi da ƙasa bayan ya ruɓe sosai, sati biyu kafin dashe.

Tumatir yana isa dashe a sati uku zuwa huɗu, da ganye huɗu ko biyar, saiwa ta fara leƙowa ta ragar. Attaruhu sati biyar zuwa shida. Kokwamba da kankana sati biyu ya ishe su, kuma su ne suka fi cin moriyar felet don ba sa son a taɓa musu saiwa ko kaɗan. Sati guda kafin ranar ka fara saba musu da waje: kullum ƙarin awannin rana, ruwa kuma a ɗan rage.

Da yamma ake dashe, bayan la'asar. Jiƙa felet ɗin sosai, jiƙa ramin. Masu shi sun ce ragar tana ruɓewa da kanta, amma a busasshiyar ƙasa irin tamu tana daɗewa, don haka ni ina tsaga ta ta gefe da reza kafin in sa. Ka binne felet ɗin duka. In samansa ya rage a waje, zai zama kamar lagwani, yana jan ruwa daga saiwa yana miƙa wa iska. Tumatir ka nutsa shi har kusa da ganyen farko, ƙaransa zai fitar da sabbin saiwoyi. Attaruhu dai-dai rufe felet ɗin ya isa. Bar tazarar santimita 45 zuwa 60, ka yi ban ruwa nan take.

Shin kowa ya kamata ya saya? A ganina a'a. Daga waje ake shigo da shi, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Mai kadada guda ta tumatir a Kadawa yana buƙatar dashe dubbai, tiren raino da kokofit ya fi masa sauƙi tunda tiren ana wankewa a sake. Alayyafo da karas kuwa kai tsaye ake shuka su. Felet na mai tsiro 50 zuwa 200 ne a bayan tanki ko cikin buhuna, wanda ya sayi iri mai tsada kuma yake so kowace ƙwaya ta kai gona.