Darasi: Abin da Ƙididdiga Ta Koya Mana Game da Mace-macen Korona

Cutar korona ta bayyana a Kamaru ranar 6 ga Maris 2020 a Yawunde, kwanaki kaɗan bayan bayyanarta a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Mutane da yawa sun kamu sun warke, wasu kuwa suka riga mu gidan gaskiya. Me ya bambanta su? Wannan tambaya ce masana ƙididdiga suka duƙufa a kanta.

Hanyarsu ita ce tattara bayanan majinyata: shekaru, jinsi, tsofaffin cututtuka, da yadda jinya ta ƙare. Sai su kwatanta mutanen da suka yi daidai a komai in ban da abu ɗaya, domin a ga nauyin wannan abu shi kaɗai. Misali, ciwon sukari ya fi yawa ga dattawa. Idan ba a ware shekaru gefe ba, ba za a gane ko tsufa ne ke ƙara haɗari ko sukarin ba.

Wani babban bincike a Ingila, wanda ya duba bayanan manya fiye da miliyan 17 a 2020, ya nuna cewa shekaru ne kan gaba: haɗarin mutuwa ga mai shekara 80 zuwa sama ya ninka na mai 50 zuwa 59 fiye da sau 20. Maza sun fi mata shiga haɗari, haka ma masu ciwon sukari da masu ƙiba.

Sai dai lissafi ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. A Kano, a Afrilun 2020, an yi ta jana'iza babu gwaji. Sai da aka bi gidaje ana tambayar iyalai, sannan ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa cikin mace-mace 979, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da nasaba da korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta yi sanadin rasuwar mutum miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali miliyan 5.4 ne aka ba da rahoto.

Mu ma a Garwa, Marwa, Yola da Mubi, da yawa kan rasu a gida a binne su ranar nan, wasu kuma kan tsallaka iyaka neman magani.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa:

1. A riƙa auna sukari da hawan jini ga dattawa tun suna lafiya.
2. Dattijo ko mai tsohon ciwo da ya fara zazzaɓi da sarƙewar numfashi, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.
3. A sanar da kowace rasuwa ga cibiyar lafiya da ofishin rajista, tare da shekarun mamaci da ciwonsa.

Da waɗannan rubuce-rubuce ake sanin inda za a fara kai iskar oksijin da rigakafi idan wata annoba ta zo. Allah Ya kiyaye mu.