HADDA DA FAHIMTA: NASIHA GA ƳAƳANMU MASU SHIRIN JARRABAWAR LIKITANCI

Ya ku ƴan uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƴaƴanmu na Birnin Lalle da kewayen Dakoro waɗanda suka tafi neman ilimin kiwon lafiya. Wasu suna karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Wasu suna makarantun koyon jinya da ungozoma, inda sai sun ci jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa kafin su karɓi takardar shaida. Wanda kuma ya yi nufin aiki a Najeriya da digirin wata ƙasa, sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci ta can kafin a ba shi lasisi. Tambayar da ke damun su duka ɗaya ce: shin hadda za a sa gaba, ko kuwa fahimta?

Asalin jarraba likita

Kada wani ya zaci jarraba likita baƙon abu ne da Turawa suka kawo. A shekara ta 931 miladiyya, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani majinyaci ya rasu saboda kuskuren mai magani. Sai ya ba da umarni kada kowa ya sake duba marar lafiya sai babban likitansa, Sinanu ɗan Sabitu, ya jarraba shi, ya ba shi izini. Wato tun asali an kafa wannan jarrabawa ne domin tsare rayukan mutane. Ɗalibin da ya riƙe wannan a zuciyarsa zai san cewa abin da ake nema gare shi ya wuce cika takarda da amsoshi.

Abin da muka sani daga zaurukanmu

Mu dai hadda ba baƙuwarmu ba ce. Mun san yadda almajiri ke biya allonsa ya wanke, ya yi tishi, ya yi tilawa da dare, har ya zama gardi. Mun kuma san cewa bayan sauka akan shiga karatun littattafai, inda malami zai ɗauki jimla ɗaya ta Ahalari ko Risala ya yi ta warware ta. Sau nawa muka ga mutum yana iya kawo babin rafkanwa da ka, amma ran da liman ya manta zaman tahiya ta farko, sai ya rasa ko ƙabli za a yi ko ba'adi? Lafazin yana nan a kansa, dalilin ne bai zauna ba, wato cewa ragi ke jawo ƙabli, ƙari kuma ke jawo ba'adi.

Magabatan likitoci ma sun haɗa hanyoyin nan biyu. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya wallafa babban littafinsa Alƙanun cikin sassa 5, ya kuma tsara ilimin magani cikin waƙa mai baiti fiye da 1000 domin ɗalibai su haddace. Daga baya Ibnu Rushdi ya yi wa waƙar sharhi, domin hadda ba ta tsayuwa sai da bayani.

Abin da dole a haddace

Akwai abubuwan da tunani ba ya fitar da su, sai dai a riƙe su daram. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, numfashinsa ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa, haddinsa sau 40 ne. Damtsen yaro da aka auna aka samu bai kai milimita 115 ba, alamar tamowa mai tsanani ce. Haka nan sunayen jijiyoyi da ƙasusuwa, da adadin maganin da ake bayarwa bisa nauyin jiki, da alamomin haɗari ga ƙaramin yaro: kasa sha ko kama nono, amayar da duk abin da ya shiga ciki, jijjiga, da fita hayyaci. Idan aka kawo yaro yana jijjiga cikin dare da damina, babu lokacin buɗa littafi. Duk wanda ya raina hadda da sunan wayewa, to ya yaudari kansa.

Inda hadda kaɗai take gazawa

Na farko, majinyaci ba ya zuwa yadda littafi ya jera. Ɗalibi ya haddace cewa alamar sanƙarau ita ce zazzaɓi da ƙagewar wuya. To amma jariri yakan kamu da sanƙarau wuyansa bai ƙage ba, sai dai maɗigarsa ta kumbura. Wanda ya fahimci cewa cutar kumburi ce a cikin rufin ƙwaƙwalwa, kuma ƙashin kan jariri bai gama haɗewa ba, shi zai kai hannu ya taɓa maɗiga. Da wannan fahimtar ce kuma zai gane cewa maɗigar da ta lotsa tana nuna ƙarewar ruwan jiki, kamar yadda zawo ke haddasawa.

Na biyu, ƙa'ida ɗaya takan yi karo da wata. An haddace cewa yaron da zawo ya tsotse ƙwarai ana yi masa ƙarin ruwa da gaggawa. Amma idan yaron mai tamowa ne mai tsanani, irin waɗanda suka cika cibiyoyin jihar Maraɗi a lokacin ƙarancin abinci na 2005, zuciyarsa ta raunana, kuma ruwan da aka ɗura masa ta jijiya da sauri yana iya fin ƙarfinta. Irin wannan a hankali ake ba shi ta baki, sai fa in ya kai ga halin da ba makawa. Mai hadda zalla zai yi abin da ya riƙe, ya cutar da yaro alhali yana nufin alheri.

Na uku, abin da aka haddace yakan tsufa. Dattawanmu sun san zamanin da nibakin ce maganin zazzaɓin cizon sauro. Da ƙwayar cutar ta daina jin ta, sai aka bar ta a shekarun 2000, aka koma ga haɗin magunguna masu sinadarin artemisinin. Haka nan sanƙarau: an daɗe ana koyar da cewa nau'in A ne ke kawo manyan annoba a ƙasashenmu. Bayan rigakafin da aka soma a 2010 sai wannan nau'i ya ja baya, annobar da ta auka wa Nijar a 2015 kuwa nau'in C ne ya kawo ta. Wanda ya san dalili ba ya ruɗewa idan hukunci ya sake.

Hanyar da muke ba da shawara

1. A fara da fahimta, sa'an nan a haddace. Kafin ɗalibi ya riƙe sunan magani, ya tambayi kansa: me yake yi a jiki, kuma wa bai kamata a ba shi ba?

2. A rarraba bita. Wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan karatu, kuma maimaitawa lokaci bayan lokaci tana rage ta. Abin da alarammominmu ke yi ke nan da tilawa. A duba darasi gobe, a sake bayan kwana uku, sa'an nan bayan mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. A rufe littafi a biya. Yawan kallon shafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Sai ya kawo da ka, ko ya amsa tambayoyin jarrabawar shekarun baya, zai san inda ramin yake.

4. A bayyana da Hausa. Karatun da Faransanci ake yin sa, kuma abu ne mai sauƙi a haddace jimlar da ba a gane ba. Ɗalibin da zai iya fahimtar da kakarsa abin da ya sa ake haɗa gishiri da sukari a ruwan mai zawo, shi ne ya iya darasinsa.

5. Kada a guje wa ɗakin majinyata domin zaman karatu. Gani ya kori ji. Ƙafar yaro mai kumburi da ɗalibi ya danna da yatsansa sau ɗaya ba ta fita daga kansa.

Namu nauyin

Ya ku iyaye, idan ɗalibi ya zo hutu, mu rage masa aike-aike, mu bar masa lokacin bita. Kada mu matsa masa ya ba mu magani ko ya yi mana allura tun bai samu izini ba. Mafi girma duka, kada mu taimake shi da satar amsa ko neman hanya da kuɗi. Tsakanin Dakoro da Maraɗi tafiya ce ta kimanin kilomita 120, saboda haka ma'aikacin da ke asibitin karkara shi ke yanke shawarar farko, ko a riƙe marar lafiya ko a tura shi gaba. Wataƙila wanda za a shimfiɗa a gabansa jikanmu ne.

Ku kuma ɗalibai, idan an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku je ku bincika. Wannan ɗabi'a ce ta malaman kirki, kuma ita ce ta likitan kirki.

Allah ya ba ƴaƴanmu hadda mai ƙarko da fahimta mai zurfi, ya sa hannuwansu su zama sanadin waraka ga bayinsa.