Ziyarar birnin Kano

Da hutun makaranta, wani yaro ɗan Yelu ya raka kakansa Kano. Suka bi ta Gaya da Kamba, suka shiga Najeriya.

Da gari ya waye, suka hau Dutsen Dala. Daga bisa, yaron ya hangi birni duka. Kaka ya ce: «Jikana, a gindin dutsen nan Kano ta fara. Mutanen farko suna narka tama, suna ƙera ƙarfe.»

Daga nan suka gangara Kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A da, fatake suna tashi daga Kano da tufafi da kanwa da kayan fata. Suna ratsa ƙasar Dandi, su haye Kwara, su je Gwanja sayen goro. Ke nan Kano da ƙasarmu sun daɗe suna ciniki.

Bayan azahar suka je marinar Ƙofar Mata. Marina suna zuba ruwa da toka da baba cikin rami mai zurfi. Sai su bari ya yi kwanaki, har ya nuna. In an tsoma farin zane aka fiddo shi, launinsa kore-kore ne. Da iska ya buge shi, sai ya koma shuɗi. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa zanen Kano yana kaiwa har Tambutu.

Yaron ya ga ramuka da yawa ba kowa a kansu. Ya ce: «Kaka, ina masu waɗannan?»

Kaka ya ce: «Yadin masaƙa ya fi araha, shi mutane suke saye. Samari kuma ba su cika koyon rini ba. Sana'ar da ba a koya wa yara, tare da tsofaffi take mutuwa.»

Daga ƙarshe suka shiga Gidan Makama, inda ake ajiye kayan tarihi. Yaron ya rubuta duk abin da ya gani cikin littafinsa.

Tambayoyi
1. Wa ya kafa Kasuwar Kurmi?
2. Da me ake haɗa ruwan rini?
3. Me ya sa wasu ramuka suka zama kufai?

Aiki
Ku tambayi tsofaffi yadda ake dafa gishirin Foga. Ku rubuta amsarsu cikin jimla 5.