A Gode wa Mai Ruwa Kafin Ya Juya Kurarsa

Duk wanda ya yi watan Afrilu a Birnin Kebbi ya san zafi kan haura digiri 40. A cikin wannan rana ɗan garuwa yake turo kura lungu-lungu a Badariya, mu kuma mu miƙa masa kuɗi muna kallon waya. Kuɗin haƙƙinsa ne. Abin da ba ya cikin ciniki shi ne "sannu da rana, Allah ya biya", da ɗan ruwan sanyi na randa. Ka gwada, fuskarsa za ta saki, kai ma za ka ji nauyin ranar ya ragu.

Shawarata, a riƙa faɗin abin da ake godiya a kansa. "Na gode da ka kai Hajiya asibiti jiya da dare" ta fi "na gode" tsurarta shiga zuciya. A kuma farfaɗo da al'adar komawa washegari a yi ban gajiya. Manoman shinkafa na fadamar Argungu sun san wannan: wanda ya yi maka gayya, ƙafa kake takawa har ƙofarsa, ba saƙon WhatsApp ba.

Inda aka fi sakaci, a ganina, cikin gida ne. Maigida zai yaba wa ɗan kabu-kabu, amma tuwon uwargida sai ya yi gishiri ake maganarsa. Haba, Malam!

Idan kuma kai ka yi alheri, kada ka zauna jiran tukwici, kada ka yi gori. Yau, kafin sallar isha'i, ka tsaya gidan maƙwabcin da ka daɗe ba ka gaisar ba.